Jajayen Sandunan Bok Lusa

Duk wanda ya rage a garin Bok Lusa a kakar nan ya haddace muryar Pisatima, ko yana so ko ba ya so. Da sassafe, da rana tsaka, da kuma in rana ta yi ja za ta faɗi, sai tsohuwar ta fito da bargo a kafaɗa, ta bi ta bayan rumbun masara, ta durƙusa gaban kabarin ɗanta, ta lulluɓe kanta ruf, ta saki kuka. Kuka ne irin namu na ƙabilar Cahta, mai ja da tsawo, wanda a da in mace ɗaya ta ɗauko shi sai matan gari su jingine taɓarya su zo su durƙusa gefenta su taya ta. Yanzu kuwa wa zai zo? Tun da manya suka taɓa alƙalamin Turawa suka ba da ƙasar, rabin gari ya ƙetare babban kogi ya yi yamma, sauran kuma suna ta ɗaure kaya. Kare ɗaya ne ke raka ta, Nita, karen farautar marigayin. Shi ma in kukan ya yi tsawo sai ya koma inuwa ya kwanta.

Sanduna shida ne a kafe a kabarin, uku nan uku can, an shafe su da jar ƙasa. Wadda ta fi tsawo tana wajen kai, da farin ƙyalle a samanta, da zobban kuranga a rataye jere, matakalar da kurwar mamaci za ta taka. Muddin sandunan nan na tsaye mamaci bai tafi ba, yana nan yana zagaya gida, uwarsa kuma ba ta wanke kai, ba ta taje gashi, ba ta kwana a wani gari. Sai ranar da aka yi kukan ƙarshe aka tuge su, sannan shi ya kama hanyarsa, masu rai su kama tasu. Kuma ba kowane hannu ke tugewa ba. Mu Cahta ɓangare biyu ne tun kakanni, ɗa yana bin ɓangaren uwarsa. Ba ka aure a ɓangarenku, ba ka kuma cire wa ɓangarenku sanduna. Sai mutumin wancan gefen ya zo ya yi maka, kai ma ranar tasu ka je ka yi musu.

Ɗan nata ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wani ya tambaye ni, mu ba ma kiran sunan wanda ya rasu. Yana cikin waɗanda suka ce ko ƙafa ɗaya ba za su ɗaga daga ƙasar nan ba. A lokacin gari ya sake rabewa biyu, wata sabuwar rabuwa mai wari wadda kakanni ba su san ta ba. Ga masu littafi, waɗanda suka shiga coci, suna cewa a tafi tun da sauran mutunci. Ga masu ganga suna cewa wanda ya sayar da ƙasa ya sayar da ƙasusuwan uwarsa. Aka ƙona coci, aka rama aka fasa ganguna. Ranar wani taro a filin ƙwallon sanda ɗan Pisatima ya miƙe ya faɗi tasa, ga barasa ta riga ta zaga, daga zage-zage sai kokawa, daga kokawa sai bindiga ta tashi. Har yau ba wanda ya ce tasa ce. A cikin bargo aka kawo mata shi.

Masu cire sanduna na wancan ɓangaren duk sun bi ayarin farko. Namiji ɗaya tak ya rage a Bok Lusa daga cikinsu, kuma ka ji abin takaici, shi ne mijin 'yarta Ilahona. Tushpatabi sunansa na gida, amma tun da aka yi masa wankan coci ya koma Sailas. Ba mai littafi ba ne kawai, yana cikin 'yan dokan majalisar ƙabilarmu masu yawo bisa dawakai da bulala, kuma majalisar nan ce ta ce cire sanduna aikin duhu ne, duk wanda aka kama bayansa zai gaya masa. Da hannunsa Sailas ya taɓa zane wani tsoho a kan haka. Ranar filin ƙwallo ma a gefen masu littafi yake tsaye. Pisatima ba ta taɓa tambayar a hannun wa bindigar take ba.

To ko tana son tambaya, ta yaya? Suruki ne. Tun ranar da ya auri 'yarta ba ta ƙara kallon fuskarsa ba, magana ba ta ƙara shiga tsakaninsu ba, in ya shigo ta nan sai ta fita ta can. Ta san tarinsa. Ta san ƙafafunsa, ta hagun tana ɗan karkata waje tun wani karo da ya yi a ƙwallo yana saurayi. Shekara da shekaru iyakar saninta da mutumin nan daga gwiwa ne zuwa ƙasa.

Wata safiya Ilahona ta zo ta same ta tana surfa masara.

"Inna, wakilin Turawa ya aiko. Ayarin ƙarshe zai tashi kafin sanyi ya kama. Bayan shi ba keken shanu, ba abinci, kowa ta kansa."

"Na ji."

"Kin ji, amma ko tukunya ɗaya ba ki ɗaure ba."

"Ai ke kin ɗaure. Ku sauka lafiya."

"Haba Inna! Ke kaɗai? Ba ki ganin Baturen nan da ya kafa gida a bakin mashigi? Kullum yana nan yana auna gonarki da ido, yana ɗaga miki hula. Kina tsammanin gaisuwa ke kawo shi? Jira yake ki matsa."

"Ya yi ta jira. Ni ma jiran nake."

"Inna, wanda ya tafi ya tafi. Malamin coci ya ce tun ranar da numfashi ya fita..."

"Malamin coci ne ya haifa mini shi?" Pisatima ta saki taɓarya a turmi har masara ta fantsalo. "Ɗan'uwanki yana nan bayan rumbu. In na juya baya na bar shi tsakanin sandunan nan, wa zai sake shi? Ya yi ta zagaya gonar wani ke nan har abada, yana leƙa ɗaki yana ganin baƙuwar fuska? Je ki gaya wa uban 'ya'yanki."

"Na gaya masa, ba sau ɗaya ba. Ya ce ya riga ya rantse."

"To ni zan gaya masa."

Ilahona ta dafe ƙirji. "Ke? Inna, lafiyarki kuwa?"

"Ban ce daga bakina zuwa kunnensa ba, sakarya."

Washegari ta kira Nita ta nufi gidan 'yarta, can ƙetaren fadamar kyauro. Tun daga nesa ta ji sara. Sailas na tsakar gida yana sassaƙa karkiyar shanu da sabon gatarinsa, wanda Ilahona ta ce ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa, don da shi zai sare itacen gina musu ɗaki a yamma. Pisatima ta tsaya a bayan shinge, ta juya wa gidan baya, ta zauna a kan kututture, ta kama kunnen kare.

"Nita," ta ce da ƙarfi yadda na ciki zai ji, "kai da kake kare ma ka san ubangidanka bai tafi ba. Amma akwai mutane a garin nan masu lafiyayyun hannuwa biyu, sun iya sassaƙa karkiya, sun iya ɗaga bulala, sanda shida ce ta fi ƙarfinsu."

Saran ya tsaya. Can sai ta ji tarin nan, sannan muryarsa. Shi ma ba da ita yake ba, da san da ke jan kekensa yake.

"Kai Jan Sa, tsaya da kyau mana. Akwai wanda ya tsaya gaban jama'a ya ɗora hannu a kan littafi ya ce ya bar wannan abin har abada. Akwai wanda ya zane tsohon da ya girmi ubansa saboda sanduna. In ya je yau ya tuge, me zai ce da bayan tsohon nan?"

"Nita, ka ce da san nan, tsohon da aka zane ya warke har ya ƙetare kogi. Nawa yana nan."

"Jan Sa, ka san ni zan ja mutanen coci a hanyar nan, mata da yara da tsofaffi. In suka ga na koma wa abin da na hana, wa zai ƙara jin maganata a jeji?"

"Nita, ranar da uwar wani ta rasu, su wa suka cire mata? Mu ne. Ubangidanka yana cikinsu, gashin baki ma bai gama fito masa ba. Shi ya tuge ta wajen kai."

Sai gatari ya ci gaba da sara, da ƙarfi fiye da na ɗazu. Ta zauna har ta tabbata amsar ke nan, ta dafa gwiwa ta tashi. Ba ta yi kuka a hanya ba, don kuka na da lokacinsa da wurinsa.

Sai ta tuna da Nowabi, tsohon mai cire sanduna na garin Tali Hikiya, ɗan wancan ɓangaren, wanda aka ce ciwon ƙafa ya hana shi bin ayari. Tafiya ce mai nisa, kuma dole ta dawo ta kwana a gida. Ta yi kukan safe, ta roƙi ɗanta ya yi mata haƙuri da na rana, ta ƙulle banaha biyu, dafaffen ƙullin masara, da ganyensu a gefen zane, ita da Nita suka kama hanya.

Kai, hanyar nan! A da ba ka yin nisa ba ka ji dukan turmi ba, ko wata ta kwaɗa maka kira daga ƙofa ta ce ka zo ka sha tanfula, faten masararmu. Ranar nan kuwa sai ƙarar ganye a ƙarƙashin ƙafa. Masara ta bushe a tsaye ba mai karya ta, hankaki na shagalinsu. Ƙofofi a buɗe, turame a kife. Ta wuce gidan da aka yi mata rawar aure, ta ga kurangar kabewa ta shiga ta taga ta fito ta ƙofa. Ta yi ta yi wa Nita bayani, nan gidan wance ne, nan wane ya faɗo daga doki, don dai ta ji murya.

Da ta hango hayaƙi na tashi daga gidan Nowabi sai ƙafafunta suka yi sauƙi, har tana ɗan sassarfa. Wata Baturiya ce ta fito da tsintsiya a hannu.

"Nowabi?" Pisatima ta ce, tana nuna ɗakin.

Matar ta yi wani yare, ta girgiza kai, sannan ta nuna bayan gida da tsintsiyar. Tulin sabuwar ƙasa ce a wurin, aladu sun tone gefe ɗaya. Mutumin da ya sallami matattun gari guda, shi ko tsinke ba a kafa masa ba. Pisatima ta durƙusa ta ja bargo ta yi masa ɗan abin da ya samu, Baturiyar na tsaye baki buɗe. Ta ajiye masa banaha ɗaya a kan ƙasar, ta raba ɗayan da kare, ta juyo.

Rana ta yi ja sa'ad da ta iso gida, ƙafafu sun kumbura. Ko ɗaki ba ta shiga ba ta zagaya bayan rumbu, tana cewa, "Ga ni nan, ga ni nan, na dawo." Sai ta yi turus.

Ba sanduna. Ramuka shida ne kawai ke kallonta.

Ta tsugunna ta zura yatsa a ɗaya, ta zura a wani. Ta duba ƙasa ko za ta ga sawun ƙafar nan mai karkata, amma busasshen ganye ya rufe ko'ina. Ta ɗaga kai ta dubi wajen fadamar kyauro, inda gidan surukinta yake. Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar da rabonta da ita tun ranar filin ƙwallo.

"Munafuki!" ta ce. "Ka ji shi, Nita? Ashe jira yake in kauce, kada malaminsu ya ji labari. Yo ni ina ruwana da wa ya gani? Hannunsa dai na wancan ɓangaren ne, ko da rana ya yi ko a ɓoye."

Abu ɗaya ya ɗan sosa mata rai, ba ta samu ta yi kukan ƙarshe ba. Amma ta ce ba komai, wanda ta yi da safe ya tsaya a madadinsa. Ita dai ɗanta ya samu hanya.

Gari na wayewa ta sauka rafi ta wanke kai, ruwan har yana yin baƙi. Ta zauna a rana ta yi ta fama da mataji, gashin da ya cukurkuɗe yana zubowa dam-dam. Sannan ta ɗora babbar tukunya ta dafa tanfula, ta zuba ruwan toka daidai, ta sa wake da ɗan busasshen naman barewar da ta ɓoye domin wannan rana. A da in aka cire sanduna gari ke haɗuwa, a ci a sha a yi rawa. Yau akushi ɗaya ta cika, ta ɗauka ta kai bakin shingen 'yarta.

Ilahona ta fito, ta dubi kan uwar, ta ja da baya.

"Inna, kin wanke kai?"

"An cire."

"An cire? Wa ya..."

"Ke dai karɓi ki kai wa uban 'ya'yanki. Kada ki ce masa komai, ya san na mene ne. Gobe ki zo ki taya ni ɗaure tukwane."

Da Ilahona ta zo washegari ta dawo da akushin, tanfular na nan yadda take, ko cokali ba a sa ba. Ta ce wai cikinsa ne ba daɗi. Pisatima ta ce a ranta, kunya ce, mutum ya yi abin kirki yana ɓoyewa sai ka ce sata. Ba ta kula da yadda 'yar ke sunkuyar da kai duk sa'ad da aka ambaci bayan rumbu ba.

Ranar tafiya kekunan shanu suka jeru a hanyar mashigi, na Sailas a gaba, dattijon coci Aisam na biye da shi, sauran na baya suna rera waƙarsu a hankali. Pisatima ta zauna a can ƙarshen keke a kan buhun masara, ta ba gaba baya don kada ta fuskanci suruki, ƙafafunta na reto, Nita na bin ƙasa. Da suka doshi gidan Baturen bakin mashigi sai Ilahona ta matso ta ce, "Inna, rana na dukanki, bari in rufa miki bargo."

"Rana a kaka? Bar ni in kalli ƙasata."

"To juyo ki ga abin da jikarki ta saƙa."

"Na gani jiya."

Ta ji Sailas na tsawata wa shanu, yana tsula musu bulala, keken ya ƙara sauri yana tsalle a kan duwatsu. Ta ce wannan kuma saurin na mene ne, yamma za ta gudu ne? Gidan Baturen ya fara shigowa idonta ta gefe, kusurwar ɗaki, garken shanu, tulin itace. Sai wata 'yar yarinya mai farin gashi ta gifta a guje tana gara wani zobe da kara. Zoben kuranga ne.

Pisatima ta bi zoben da ido har tsakar gida. Can suke tsaye, jere, jajaye, su shida. An ɗaura musu igiya daga wannan zuwa wancan, an shanya riguna da wanduna da zanen gado. Mai tsawon tana ƙarshe, farin ƙyallen nan har yanzu yana samanta yana kaɗawa.

Ashe ranar da ta tafi Tali Hikiya Baturen ya zo ya ga ƙofa a rufe, ba hayaƙi, ya ɗauka ta tafi. Ya ga sanduna miƙaƙƙu an feƙe su an gama, ga matarsa na neman abin shanya. Bature kuwa ba shi da ɓangare. Hannunsa ba ya sakin kowa. Duk kwanakin nan da take taje gashi tana dariya, ɗanta na nan tsaye a tsakar gidan wani yana riƙe da wandon Bature.

Ta juya ta dubi Ilahona. Ilahona ta rufe fuska da tafi biyu. Nan Pisatima ta gane kowa ya sani, 'yarta da mijin 'yarta da masu waƙar nan duka, ita kaɗai aka bari da akushinta.

"Nita," ta ce, "ka ce da mai keken nan ya tsaya."

Keken bai tsaya ba.

Ta ja bargonta ta zamo daga keken yana tafiya. Ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi, ta bi ta tsakanin shanun Aisam, waƙar masu littafi ta yanke. Ilahona na kiran "Inna! Inna!" amma ba ta sauko ba. Pisatima ta tura ƙyauren shinge ta shiga tsakar gidan, ta durƙusa a gindin doguwar sandar, ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar riga mai ɗigo mata ruwa a wuya, ta lulluɓe kai ta saki kukan. Ta san ta wanke kai, ta san ba ta da sauran ikon yin sa, ta yi. A kan hanya akwai matan Cahta cike da kekuna, kowaccensu da wannan kukan aka raine ta, amma ba wadda ta ɗaga murya ta taya ta.

Matar gidan ta fito tana ihu. Mijin ya fito da bindiga, yana magana da ƙarfi. Pisatima ba ta ɗaga bargo ba. Ta ƙasan bargon take ganin manyan takalmansa sun zo sun tsaya kusa da ita. In harbi ne ya harba, ai hanya ɗaya ce.

Sai ta ga wasu ƙafafun sun shigo, sun tsaya tsakaninta da takalman. Ta hagun tana karkata waje.

Ta ji tarin nan. Ta ji shi yana haɗa 'yan kalmomin Turancin da ya koya a coci, Baturen na amsawa a fusace, shi yana maimaitawa a hankali. Daga bakin hanya muryar Aisam ta taso, "Sailas! Ka tuna abin da ka ɗora wa hannu! Jama'a na kallonka!" Can sai ga gatarin nan, sabo ful, an ajiye shi a ƙasa gaban takalman. Baturen ya dubi gatarin. Ya sunkuya ya ɗauka, ya gwada kaifin da babban yatsa, ya yi wata 'yar dariya irin ta wanda ya haɗu da wawa. Ya yi wa matarsa magana, ta hau kwashe shanyarta tana gunaguni.

Ƙafafun suka nufi sanda ta farko. Ta ji nishi, ta ji ƙasa ta saki. Ta biyu. Ta uku ta yi gardama, sai da ya girgiza ta. Yana tugewa yana kaiwa bakin jeji yana jefawa, yadda ake yi tun da. Da ya zo kan doguwar sai ya tsaya, ya juya mata baya, ya dafa sandar da hannu ɗaya, bai ja ba.

Ta gane. Jira yake ta yi na ƙarshe.

Ta yi shi kuwa. Ta yi na ranar filin ƙwallo, ta yi na ranar da ta bar shi ta tafi Tali Hikiya, ta yi na kwanakin da ta yi dariya. Ta yi har muryar ta dushe ta koma iska. Mutumin bai motsa ba, ga rana, ga ayari guda na jira, ga Bature na tsaye da gatarinsa. Da ta yi shiru ta sauke bargon zuwa kafaɗa, idonta a ƙasa, sai ƙafafun suka gyara tsayuwa. Ya tuge ta da ja ɗaya. Ya je wajen yarinyar ya miƙa hannu, ta ba shi zoben ta ruga bayan uwarta. Ya haɗa da sandar ya kai jeji.

Da ya dawo ya tsaya nesa kaɗan ya ce, "Nita, ka gaya wa tsohuwa an cire."

Ta koma keke ta hau buhunta, ta ba gaba baya. Aka ƙetare mashigi. Ba wanda ya sake ɗauko waƙa. Aisam ya kora shanunsa ya wuce gaba, sauran kekunan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka bar na Sailas a ƙarshe yana shan ƙurarsu. Ilahona na kuka ƙasa-ƙasa, tana tambayar mijinta da me za su sare itace in sun isa, ga sanyi na tafe.

Da rana ta yi ja hannun Pisatima ya kai kan bargo da kansa, jikinta ya yunƙura zai tashi. Sai ta tuna ba inda za ta je, ba kuma sauran kuka. Ta naɗe bargon ta ɗora a cinya. A bayanta tana jin tarin nan, da ƙarar karkiyar da aka sassaƙa da gatarin da babu shi yanzu. Magana ta cika mata baki. Tana so a gaya masa ta gani, ta san abin da ya ajiye a ƙasa, ta san ba gatarin kaɗai ba ne. Tana so a ce masa ta gode.

Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin keke.

"Nita," ta ce. "Nita, zo ka gaya wa..."

Ba kare. Ta duba dama, ta duba hagu, ta dubi hanyar da suka baro har inda ido ya ƙare.

"Tun a mashigi ya tsaya, Inna," in ji Ilahona. "Ya shiga jejin da aka jefa sandunan. Na kira shi ya ƙi."

Pisatima ta gyaɗa kai. Ta gyara zama a kan buhun, ta riƙe maganarta a baki, keken na tafiya.